Waƙafin da Ya Ɓace a Rubutun Frau Quast

Detlev Tiedemann mutum ne da ba ya iya wuce rubutu bai duba shi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran rubutu a wata maɗaba'a da ke garin Stade a arewacin Jamus, kuma ko da ya yi ritaya, idonsa bai yi ba. In ya shiga gidan burodi sai ya tsaya gaban allon da ake rubuta sanarwa, leɓensa na motsi, har mai sayarwa ta ce, "Herr Tiedemann, yau kuma me muka ɓata?" Shi kuwa sai ya nuna kalmar *weil*, wato "saboda", da yatsa ya ce, "Nan, kafin *weil*. Ki sa masa waƙafi, alli ba zai ƙare ba."

Shi ya sa da ƙungiyar masu adana tarihin garin ta tashi haɗa ɗan littafi a kan tsofaffin sana'o'i, ba a yi dogon tunani a kan wanda zai duba rubutun ba. Shugabar ƙungiyar, Frau Brümmer, mace mai saurin magana da saurin tafiya, ita da kanta ta kawo masa takardun wata safiyar Talata cikin watan Satumba, ta dire su a kan teburin kicin ɗinsa.

"Mutum goma sha huɗu suka rubuto," in ji ta. "Akwai maƙeri, akwai mai jirgin fito, har da ungozoma. Don Allah ka tausaya musu, tsofaffi ne."

"Ni yaro ne?"

"Kai ai tausayin ne ba ka da shi, shi ya sa na faɗa. Af, har da wata ta wurin aikinku. Quast take ko wa? Daga can kudu ta aiko. Ka san ta?"

Detlev ya ce ya san ta. Ya tashi ya ɗora buta a wuta, duk da ga kofinsa nan a cike bai taɓa ba.

Shekara ashirin da biyu suka yi a ɗaki ɗaya da Marlis Quast, tebur na kallon tebur, taga ɗaya a tsakaninsu. Ita ke karantawa da ƙarfi shi yana bin asalin rubutun da ido, in rana ta yi tsaka su yi musanya. Bai taɓa kiran ta da sunanta na yanka ba, ita ma haka. Frau Quast, Herr Tiedemann, safe da yamma. Mijinta ya rasu tun 'yarta tana makarantar sakandare. Shi kuma bai taɓa aure ba, yana zaune da mahaifiyarsa da ciwo ya kwantar, in an tashi aiki sai ya hau kekensa ya yi gida da sauri don ya ba ta abinci.

Faɗansu ɗaya ne, kuma ba ya ƙarewa. A shekarar 1996 aka sabunta ƙa'idojin rubutun Jamusanci, aka ce idan *und*, wato "kuma", ta haɗa cikakkun jimloli biyu, mai rubutu na da zaɓi, ya sa waƙafi ko ya bari. Detlev ya ce tunda an sassauta sai a bi. Frau Quast ta ce sam.

"Jimla biyu ce, kowacce da gidanta," takan ce. "Don maƙwabta suna shiri ba a rushe katanga."

"Hukuma ta ce a rushe."

"To hukumar ta zo ta karɓe min biro."

Shekara bakwai suka yi suna wannan musu. Ita ta sa, shi ya cire, ita ta mayar. Masu haɗa haruffa a ƙasa har sun saba, in takarda ta sauko da ɗan tabo a gaban *und* sai su ce yau ma an gwabza a sama.

Daga baya maɗaba'ar ta rufe sashen gyara, aka ce na'ura za ta riƙa yi. 'Yar Frau Quast ta yi aure a Lindau, can bakin tafki a ƙarshen kudu, ta ce uwar ta dawo kusa da ita. Ranar ƙarshe Detlev ya miƙa mata hannu a bakin ƙofa, ya ce a sauka lafiya, ya hau kekensa. Shekara goma sha shida ke nan. Katin Kirsimeti ya yi ta zuwa har shekara huɗu ko biyar, sannan ya tsaya, kuma shi bai san wanda ya fara yin shiru a cikinsu ba.

Bai buɗe nata rubutun ranar ba. Ya fara da na maƙeri, ya yi na ungozoma, ya yi na mai jirgin fito wanda bai san aya ba balle waƙafi. Sai ranar Juma'a, da babu sauran abin fakewa, ya jawo shafi huɗun nan gabansa, ya goge tabarau, ya cire murfin jan biro yana murmushi. Ya san ba zai sami komai ba. Abin da yake so kawai ya ga waƙafinta zaune a gaban kowace *und*, ya ji muryarta a ciki.

A layi na uku ya ga *dass*, wato "cewa", tsirara, babu waƙafi a gabanta. Ya ɗauka kuskuren bugu ne. A layi na shida ya ga wata. Kafin ya gama shafin farko jan biro ya yi wa takardar kaca-kaca, murmushin kuma ya tafi. Kalmomin nata ne, babu shakka, yadda take zolaya, yadda take yanke zance a gajarce. Amma alamomin kamar an watsa gero ga kaji, nan akwai, can babu. A shafi na biyu ya tarar da wannan jimlar:

*Der Mann, der mir gegenüber saß aß jeden Mittag einen Apfel.*

Mutumin da ke zaune yana fuskantata, kullum da rana sai ya ci tuffa ɗaya. Shi Detlev ne mutumin. Ya daɗe yana kallon layin. An buɗe jimlar tsakiya da waƙafi amma ba a rufe ta ba, alhali dole a sa na biyu bayan *saß*, wato "zaune". Wannan shi ne kuskuren da Frau Quast ta fi tsana a duniya. Takan ce duk wanda ya buɗe bai rufe ba, haka yake barin ƙofar gidansa. Ko a mafarki hannunta ba zai tsallake wurin ba.

Ya ajiye biron. Ba kuskuren ne ya dame shi ba. Wani abu ya sami matar nan, kuma shi bai sani ba.

Kwana uku yana jinyar zancen a ransa kafin ya nemi lambar wayarta a wurin Frau Brümmer, ya ce akwai 'yan tambayoyi na aiki. Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe ya sa riga mai kwala kamar zai fita, ya zauna ya buga.

"Quast," in ji muryar. Ta ɗan yi kauri, amma ita ce.

"Frau Quast, Tiedemann ne. Daga Stade."

Yana jin rediyo a bayanta, sai aka kashe.

"Herr Tiedemann. Ashe kana raye."

"Haka likita ya ce."

"To madalla. Guda nawa ka samu?"

"Na'am?"

"Haba, kada ka raina min hankali. An gaya min kai ke duba littafin. Ba gaisuwa ka kira ka yi ba. Guda nawa?"

Ya duba gefen takardar inda ya rubuta adadin da fensir. "Arba'in da bakwai. Ban ƙirga na gaban *und* ba, tunda waɗannan ba laifi ba ne."

"Laifi ne," ta ce da sauri, sannan ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Arba'in da bakwai. Kash. Ni a zatona ba su wuce ashirin ba."

Sai ta gaya masa. Idonta ne. Shekara biyar ke nan tsakiyar ganinta yana dushewa, gefe-gefe kawai take gani. Ta ce waƙafi ne ya fara ɓace mata, sai aya, sai ɗigon da ke kan haruffa, daga baya haruffan su ma suka bi. 'Yarta ta saya mata wayar da in ka yi magana take rubutawa, amma sai ka furta mata kowace alama da baki.

"Ka taɓa gwada tuna abin da ya wuce shekara arba'in kana cewa waƙafi, waƙafi a tsakani? Kafin ka faɗa tunanin ya gudu. Wani lokaci in faɗa, wani lokaci in manta. Kuma ba na iya komawa in duba."

"Me ya sa ba ki sa 'yarki ta duba ba?"

"Silke? Wadda ke aiko min saƙo babu ko aya? Gara na'urar." Ta ja numfashi. "Ka gyara kawai, Herr Tiedemann. Na yarda da kai. Ka yi yadda ka ga dama, har da *und* ɗin."

Wannan maganar ce ta fi komai tsaya masa. Shekara bakwai yana neman ta sakar masa wannan waƙafin, yau ta sakar, ya ji kamar an ba shi takalmin mamaci.

"A'a," ya ce. "Rubutunki ne. Ba na taɓa rubutun abokin aiki a bayan idonsa."

"To ya za mu yi? Idon ai babu."

"Zan zo in karanta miki."

Shi kansa bai san zai faɗa ba sai da ya ji ta fito. Ita kuwa ta ce, "Ka san nisan Lindau kuwa? Kai da ko Hamburg sai an ja ka."

"Akwai jirgin ƙasa."

"To. Ka zo da jan biro naka, nawa duk sun bushe."

Tafiyar ta cinye masa yini guda. Ya canza jirgi sau uku, ƙugunsa na ciwo, jakar takardun a kan cinyarsa ya ƙi ya ɗora ta sama. Ƙasar ta tashi daga shimfiɗaɗɗiya ta koma tudu da kwari. Ya yi ta shirya abin da zai faɗa in ta buɗe ƙofa, ya shirya ya rushe, ya sake shiryawa. Ya kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, da safe ya sayi kek ɗin tuffa yanka biyu ya nufi gidan.

A hawa na biyu take. Ta buɗe ƙofar, ta juya kanta gefe kamar tsuntsuwa don ta hango shi da wutsiyar ido. Gashinta ya yi fari tas, ta rage tsawo, amma tsayuwar tana nan.

"Ka rame," ta ce. "Ko kuwa idona ne ke yanke ka?"

"Na rame."

"Shigo. Ka goge ƙafa."

Duk abin da ya shirya bai faɗi ko ɗaya ba. Ta zuba kofi da yatsa ɗaya a bakin kofin don ta ji in ya cika, shi kuma ya kau da kai kamar bai gani ba. Suka zauna a teburin da ke bakin taga, yana fuskantarta. Ya buɗe takardun.

"Yadda za mu yi," in ji ta, "ka karanta a hankali, kada ka tsaya ko'ina, kada ka taimake ni da murya. Inda ya kamata a sa, zan ƙwanƙwasa."

Haka suka yi. Yana karantawa da murya miƙaƙƙiya, ita ta rufe ido, hannunta a dunƙule a kan tebur. Kafin *dass*, ƙwan. Kafin *weil*, ƙwan. Gaban jimlar tsakiya da bayanta, ƙwan, ƙwan. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo kan mutumin tuffa sai ta buga teburin bayan *saß* da ƙarfin da cokula suka yi ƙara.

"Wannan ma na bari a buɗe? Kai, abin kunya."

"Ba kullum nake cin tuffa ba," ya ce. "Ranar Juma'a kifi nake ci."

"Bayan kifin fa?"

Gaskiyarta ce, sai ya ci gaba da karatu.

Da suka iso *und* ta farko mai haɗa jimla biyu, ta ƙwanƙwasa. Ya ɗaga biro bai sa ba.

"Na ji ba ka rubuta ba," ta ce.

"Ba dole ba ne a nan."

"Rubutun wa?"

"A waya kin ce in yi yadda na ga dama."

"A waya ina jin tausayin kaina ne. Yanzu na warke. Sa shi."

Ya sa, yana ƙunƙuni. Ta yi dariya sosai wannan karon, har da share ido, shi ma ya ji kafaɗunsa sun sauka. Rabonsa da ya ji daɗin faɗa haka har ya manta.

Sakin layi na ƙarshe a kan ranar da aka rufe sashen ne. Ta rubuta yadda suka kwashe ƙamus-ƙamus a kwali, yadda ta goge teburinta duk da babu mai zama a kai kuma. Jimlar ƙarshe ta ce ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana ɗaura gyalenta, alhali watan Yuni ne, babu sanyi. Ya karanta, ta ƙwanƙwasa inda ya dace, ya sa. Sannan ya mayar da murfin biro.

"An gama," ya ce.

"To tashi ka kai ni bakin ruwa. Silke ba ta zuwa sai yamma, ni kuma ba na sauka ni kaɗai."

Ta riƙe gwiwar hannunsa suka sauka a hankali, mai ciwon ƙugu yana jan mai ciwon ido. Suka sami benci a bakin tafkin. Rana ta fito, jiragen ruwa na shiga da fita, duwatsun tsallake sun yi shuɗi. Ta ce ya gaya mata abin da ke kan ruwan, ya gaya mata: farin jirgi babba, ƙanana uku masu tantin kama iska, wani mutum da karensa. Daga nan zancen ya ƙare masa.

"Frau Quast," ya ce, "gyalen nan. Me ya sa kika daɗe kina ɗaurawa?"

"Kai ma ka sani."

"Mahaifiyata tana kwance a lokacin. Ba ni da abin da zan ce wa kowa. Wa zai shigo gidan da ake juya mara lafiya sau huɗu a yini?"

"Ka tambaya aka ce maka a'a?"

Ya mayar da idonsa kan ruwan.

"Mahaifiyarka ta rasu bayan shekara biyu," in ji ta. "Wata tsohuwar maƙwabciyata ta aiko min da sanarwar da aka buga. Babu kuskure ko ɗaya, na san kai ka rubuta. Na aika maka kati. Daga nan na yi ta sauraron mai kawo wasiƙa, ba don katin Kirsimeti ba, har na gaji na daina."

"Na rubuta," ya ce. Yana kallon hannayensa. "Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In na gama sai in ajiye zuwa gobe in sake dubawa. Gobe kuma sai in ga abin gyara. Wannan kalmar ta yi nauyi, waccan ta yi sanyi. In sake sabuwa. A haka shekara ta wuce, sai na ga kamar ya yi latti, kuma latti ɗin ma yana bukatar bayani, bayanin ma yana bukatar gyara."

Ta juyo da kanta gefe tana neman fuskarsa. Ya ɗauka dariya za ta yi, kuma ta fara, amma dariyar ta tsaya a hanya.

"Ai da ka aiko da ita da kuskurenta," ta ce a hankali. "Aikina ke nan. Da na gyara."

Babban jirgin ya busa ƙaho ya juya. Hannunta yana nan a gwiwar hannunsa tun da suka zauna, ba ta ɗauke ba, shi kuma bai motsa ba don kada ta tuna.

Kwana uku ya yi a Lindau. Ya ga Silke, mace mai kirki da ke kallonsa tana kallon uwarta tana danne murmushi. Bai ce wa Frau Quast ta dawo Stade ba, don ya ga yadda ƙafarta ta haddace kowane lungu na gidanta, kuma likitan idonta da 'yarta duk a nan suke. Ita ma ba ta ce ya zauna ba. Ranar da zai tafi ta tsaya a saman bene tana jin saukarsa, da ya kai ƙasa ta leƙo ta ce ya riƙe ƙarfen jirgi da kyau in zai hau.

Littafin ya fito kafin Kirsimeti. Ya aika mata guda biyu, ɗaya nata, ɗaya na Silke. Tun daga lokacin duk ranar Lahadi da ƙarfe uku yakan buga mata waya ya karanta mata jaridar garinsu, labarin kasuwa da na majalisar gari da sunayen waɗanda suka rasu, tana tare shi tana cewa wane ai ɗan ajinmu ne, wance ai ta girme ni. Sa'a ɗaya suke yi. In ya ajiye wayar sai gidan ya yi masa faɗi, ya rasa inda zai zauna, ya yi ta zagaye daga kicin zuwa falo. Sauran kwana shidan kuwa yana yanke abubuwan da zai karanta mata yana tarawa a ƙarƙashin kwanon sukari.

Ya so komawa a watan Janairu, likita ya ce sai an yi masa aikin ƙugu tukuna, kuma bayan aikin sai ya yi wata biyu yana koyon tafiya. Ya gaya mata wata Lahadi, ana ruwa a waje.

"To yaushe ke nan?" ta ce.

"Bayan Ista, in ƙafa ta yarda."

"Da nisa."

"Mako goma sha ɗaya."

"Ka ƙirga ke nan."

"Na ƙirga."

Ya ji tana gyara zama a can ƙarshen ƙasar. "In za ka zo ka taho min da baƙin burodin garinmu," ta ce. "Na nan fari ne, ba ya riƙe ciki. To ci gaba, ina muka tsaya?"

Ya jawo jaridar kusa da taga inda haske ya fi, ya nemo layin da yatsa, ya ci gaba da karantawa.